Kitso da Ƙwarƙwata: Tsatsa, Fila da Ceton Tsohuwar Fijo 504

Na ɗauka zai ce in buɗe bonet, ko in tayar da inji ya saurara, kamar yadda kowane bakanike ke yi. Sai ya laluba aljihun rigar aikinsa ya fito da guntun mayen ƙarfe, irin wanda ake cirowa daga matacciyar lasifika. Ya naɗe shi da tsumma don kada ya karce fenti, ya ɗora a rufin motar, ya manne daram. Ya ɗora a tsakiyar ƙofar direba, nan ma ya manne. Ya riƙa gangarawa da shi a hankali, da ya rage kamar taƙi guda a kai gindin ƙofar, sai abin ya sulale ya faɗi ƙasa.

"Alhaji, nan ba ƙarfe," in ji shi.

Ni kuwa abin da idona ke gani ƙofa ce fara tas, tana sheƙi, shekara uku kacal da fenti. Ya nemi izini, ya ɗauki sukuddireba ya danna wurin. Bai sa wani ƙarfi ba, ta shige kamar a sabulu. Ya ɓamɓaro dunƙulen fila mai kaurin babban yatsa, fari kamar alli, bayansa ja wur da tsatsa. A ƙarƙashinsa akwai ragar waya irin ta tagar sauro, sai kuma wani yanki na gwangwanin madara da har yanzu ana iya karanta rubutun jikinsa. Yaran shagon suka tuntsire da dariya. Ni kam ban ga abin dariya ba, don ni na biya kuɗin wannan aiki.

Motar Fijo 504 ce ƙirar 1982, ta marigayi mahaifinmu. Dattijon kuwa mai gyaran jikin mota ne a wani gareji da ke gefen Kaduna, irin waɗanda ake kira fanabita. Yaransa na ce masa Oga, ni ina ce masa Baba.

Motar da ta zama 'yar gida

Wanda bai rayu da 504 ba zai yi mamakin mutum ya zuba kuɗi a kan motar da ta haura shekara 40. A Faransa aka fito da ita a 1968, kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana surarta, kuma a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai. A 1975 ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka, Ove Andersson na tuƙi, a hanyoyin da ke karya motocin da suka fi ta tsada. A wannan shekarar ce masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci, kuma an daɗe ana kwaso sassan ta jirgin sama daga birnin Liyon zuwa Kano, sannan a gangaro da su Kaduna. Bayan kisan Janar Murtala Muhammed a cikin Marsandi a watan Fabrairun 1976, gwamnatin Obasanjo ta ɗauki tsarin tsuke bakin aljihu, Fijo ta zama motar manyan ma'aikata. Daga nan ta shiga ko'ina: gidan alƙali, gidan hedimasta, tashar mota, ayarin ɗaukar amarya. Turai ta daina ƙera salun ɗinta a 1983, Kaduna kuwa ta ci gaba har wajen 2006.

A waje ana ƙirga ta cikin tsofaffin motoci masu daraja. Wadda tsohon shugaban Iran Mahmoud Ahmadinejad ke hawa, ƙirar 1977, an yi gwanjonta a 2011 kan kusan dala miliyan 2.5, kodayake sunan mai ita aka saya a wannan ciniki. A nan kuwa tana bayan gida, tayoyi sun sace, kaji na ƙwai a kujerar baya, ana jiran ɗan gwangwan ya zo da sikeli.

Injinta ba ya ba kowa tsoro. Duk garin da ka shiga a Arewa za ka sami wanda zai sauke shi ya ɗaure da ido rufe. Jiki ne matsalar. Salun ɗin 504 ba ta da wani shasi daban da aka ɗora gangar jiki a kai kamar babbar mota. Fallayen ƙarfe ne, akasarinsu kaurinsu bai wuce milimita ɗaya ba, aka lanƙwasa, aka haɗa da ɗigon walda, ƙarfinsu duka daga siffar yake fitowa. Kamar kwalin sabulu ne: yana rufe za ka iya ɗora masa kaya, amma jiƙa kusurwa ɗaya ka ga yadda zai durƙushe.

Daga ciki take fara ci

Tsatsa abu uku take nema: ƙarfe, ruwa da iskar oksijin. Gishiri ko wani abu mai tsami idan ya shiga ruwan sai aikin ya ƙara sauri. Abin da ya sa ta fi sauran cututtukan ƙarfe muni shi ne ba ta rufe bakin ciwon da ta yi. Tukunyar alminiyom takan yi wata 'yar fata a sama wadda ke kare na ƙasa. Tsatsa kuwa soso ce, tana shan ruwa ta riƙe, tana kumbura ta fi ƙarfen da ta cinye girma, ta ɗaga fenti, ta buɗe wa sabon ruwa hanya. Shi ya sa ƙurjin da ka gani a fenti, wanda bai fi ƙwayar gyaɗa ba, sau da yawa labari ne ya iso a makare. Ta riga ta huda ƙarfen daga baya, fentin ne kawai ya rage.

Motocin wancan zamani ba su sami kariyar da na yau ke samu ba. Shafe gangar jiki gaba ɗaya da sinadarin zinki, irin na kwanon rufi, Porsche ta fara shi a tsakiyar shekarun 1970, Audi ta biyo baya a tsakiyar 1980, sauran kamfanoni suka bi a hankali. Kafin nan akwai lungunan da fenti bai taɓa shiga ba tun daga masana'anta. A Turai, inda ake watsa gishiri a titi lokacin hunturu don narkar da ƙanƙara, abin ya kai ga a 1980 kamfanin Lancia ya riƙa sayen motocinsa samfurin Beta daga hannun masu su a Ingila yana rushewa, saboda tsatsa ta cinye wurin da ke riƙe da inji. Sunansa bai sake farfaɗowa a can ba, kafin tsakiyar shekarun 1990 ya tattara ya bar kasuwar. Wannan gishirin ne kuma ke biyo motocin da ake shigo mana da su ta Kwatano: sama kamar amarya, ƙasa kamar tsohon kaskon suya.

Mu Allah Ya yi mana gata. Motar da ta yi rayuwarta a Kano, Katsina ko Damagaram takan fi sa'arta ta Legas ko Fatakwal lafiyar jiki nesa ba kusa ba, don a can iskar teku da laima ba sa ɗaga ƙafa. Amma mu ma muna da namu. Baba ya durƙusa ya nuna mini 'yan ramuka a ƙasan ƙofa waɗanda ban taɓa sanin da su ba. Duk ƙofar mota ruwa na shiga cikinta ta gefen gilashi, an kuma yi mata mafita a ƙasa. Ƙurar hunturu ta taru wata da watanni ta toshe mafitar, ruwan damina ya sauka a kai, sai cikin ƙofar ya zama kwatami mai taɓo, kuma taɓon ba ya bushewa sai bayan kaka. Haka yake a bakin madigadi, haka a ƙarƙashin gilashin gaba inda ganyen darbejiya ke taruwa.

Sauran kuwa aikin hannunmu ne. Mai wankin mota ya kwarara bokiti a ciki, ruwan ya kwanta ƙarƙashin kafet, a rufe gilasai a bar ta a rana. Ruwan batir ya tsiyaya ya cinye mazauninsa. Man birki ya zuba ya ɗaye fenti. But ɗin motarmu, da aka ɗaga tabarmarsa, ana hango ƙasa ta wurare uku, kuma na san dalili: shekara da shekaru nan ake zuba buhunan takin zamani zuwa gona, nan ake ɗaure ragon layya. Taki da fitsarin dabba duk gishiri ne a wajen ƙarfe.

Laifin fila, da laifina

Fila ba abin banza ba ce. Kafin a ƙirƙiro ta a shekarun 1950, da narkakkiyar dalma ake cike lotsawar jikin mota, aiki mai wahala da guba. An yi ta ne don a shafe 'yan ƙananan kwarin da guduma ta bari a kan lafiyayyen ƙarfe, a shafa siriri, a goge mafi yawansa da samfefa. Ba a yi ta don toshe rami ba. Tana tsotsar danshi, ba ta lanƙwasa tare da ƙarfe, zafi da sanyi kuma ba sa motsa su daidai. Idan aka danƙara ta a kan tsatsa, an yi wa tsatsar ɗaki ne mai duhu da laima, an kuma rufe idon mai mota. Kitso da ƙwarƙwata ke nan.

Na daɗe ina jin haushin wanda ya yi mini wancan aikin, kuma ba zan ambaci sunansa ba. Amma da na zauna na tuna yadda muka yi da shi, sai jikina ya yi sanyi. Biki ne ya matso, na ce ina son mota cikin mako guda. Ya faɗi kuɗi, na raba biyu, na tsaya a nan. Bai ce mini ba zai yiwu ba, ni kuma ban tambayi abin da zai yi ba. Na ba da kuɗin kwalliya, aka yi mini kwalliya. Yawancin fanabitocinmu sun iya yanke ƙarfe su sa sabo, kasuwa ce ta koya musu cewa mai mota sheƙi yake dubawa, dillali kuma ya fi kowa son haka. Araha dai ba ta ado, ko ta yi na kwana kaɗan ne.

Yanka, auna, ɗinka

Sharaɗin Baba na farko shi ne ba zai faɗi kuɗi ba sai ya ga ƙarfe tsirara. Aka cire kujeru, kafet, gilasai, fitilu da bamba. Aka sauke tankin mai aka kai shi can nesa, aka cire batir, domin tartsatsin walda da tururin fetur ba sa haɗa hanya, kuma tankin da babu mai a ciki ya fi cikakke haɗari. Sannan yara suka shiga kankare fenti. Kwana huɗu motar na ƙara muni. Duk wanda ya taɓa wannan aiki ya san wannan matakin: abin da ka zo da shi rami biyu ne, ka tarar da goma sha.

Ya raba ciwon kashi biyu. Inda tsatsa ta tsaya a sama, ƙarfen na da sauran kauri, gurzawa ake yi har sai ya yi fari, a shafa ruwan magani mai sinadarin fosforik wanda ke mayar da ragowar tsatsar cikin 'yan ƙofofi baƙa ƙirin, ta daina ci. Inda ta huda ko ta sa ƙarfe ya zama kamar ganye, babu magani sai wuƙa. Ya zana layi da alli, ya wuce bakin ciwon da kamar yatsa biyu, har inda guduma ke ba da amo mai kyau. Na ce, "Baba, ba a yi ɓarna ba kuwa? Ramin ai ƙarami ne." Ya ce in ya bar ko ƙwayar gero, nan za ta sake tsirowa, kuma walda ba ta kama ruɓaɓɓen ƙarfe, ƙonewa yake yi ya bar rami.

Daga nan aikin ya koma na tela. Ya ɗora kwali a ramin, ya bi gefen da yatsa mai baƙin mai har siffar ta fito, ya yanka da almakashi, ya gwada, ya rage, ya sake gwadawa. Sai ya kwafe a kan fallen ƙarfe mai kauri daidai da na motar. Ya fi son ya yanko daga rufin wata matacciyar mota, don rufi ne wurin da tsatsa ta fi ragawa, ƙarfen kuma mai laushi ne, yana bin guduma. Ba shi da injin lanƙwasa. Kututturen itace ne da aka fafe, da guntun dogon jirgin ƙasa, da guduma huɗu ko biyar, da 'yar maƙerar hannu da yake tarewa da ita ta baya. Gindin ƙofar 504 yana da wani ɗan lanƙwaso mai tafiya a tsaye da kwance lokaci guda. Na zauna a benci na ga ya kwashe fiye da awa biyu a kan yanki ɗaya da bai fi tafin hannu biyu ba, yana bugu, yana karawa, yana shafawa da tafin hannu ido a rufe. Ya ce hannu na ganin abin da ido ba ya gani.

Wajen haɗawa ne ake gane gwani. Hanya mai sauƙi ita ce a ɗora facin a kan ramin ya hau gefe, a bi da walda. Sai dai tsakanin fallayen biyu an bar aljihu, ruwa zai shiga, bayan 'yan shekaru a dawo gidan jiya. Baba kuwa baki da baki yake haɗawa, sabon ƙarfe ya zauna cikin ramin daidai wa daida, tsakaninsu kamar silin gashi.

A Turai da Amurka masu wannan sana'a sun koma injin walda mai tura waya da kansa, wanda zafinsa ke tsayawa wuri ɗaya. A garejinmu har yanzu waldar gas ce sarauniya: tulun oksijin, da tukunyar kabayid da ake zuba wa ruwa ta ba da iskar da ke ci da wuta. Harshen wutar ya haura digiri 3,000, ƙarfe kuwa yana narkewa a wajen 1,500, fallen kuma bai kai kaurin katin waya biyu ba. Ka daɗe daƙiƙa ɗaya, ka huda. Ka ja layi mai tsawo a tafi ɗaya, zafi ya bazu, ƙofar ta murɗe kamar ganda a wuta, sai an koma ga fila a rufe kunya. Don haka ɗigo yake yi: ɗaya a nan, ya tsallaka can, ya dawo tsakiya, ya bari ya huce. Bayan kowane 'yan ɗigo sai ya ajiye wutar ya ɗauki guduma da maƙera ya daddaki ɗinkin, saboda walda na tsukewa idan ta huce, dukan ne ke mayar da ita. Waldar gas ta fi ta lantarki laushi, tana karɓar guduma, shi ya sa ma wasu gwanayen Turai ba su yar da ita ba har yau.

Abin da ban so ba a shagon shi ne tukunyar kabayid ɗin, ƙirar gida ce, babu abin da zai tare wuta idan ta koma baya ta cikin tiyo. Yaran kuma na gurza fila ba takunkumi, suna feshin fenti da tsumma a hanci. Akwai al'adar shan madara bayan walda wai tana wanke hayaƙi. Madara ciki take tafiya, hayaƙi kuwa huhu.

Bayan ɗinki

Da aka goge ɗinkin ya kwanta, na ɗauka an gama. Ashe rabin da ba a gani shi ne ke yanke hukunci. Wuta ta ƙone duk wani fenti da ke bayan facin, ƙarfen can ciki tsirara yake, kuma ƙarfen da ya sha wuta ya fi saurin tsatsa. Wanda ya fente waje ya bar ciki ya yi gyaran gangar Abzinawa. Baba ya sa aka shafe bayan kowane faci da fentin share fage, aka bi gaɓoɓi da mannau mai hana ruwa, aka buɗe duk mafitar ruwa da waya. Cikin ƙofofi da dogayen akwatunan da ke ƙarƙashinsu, inda buroshi ba ya kaiwa, akwai wani kakin da ake fesawa ta rami ya malale cikin lunguna. Tsofaffin direbobi baƙin mai suke ɗurawa. Yana ɗan taimakawa, amma yana cin roba, yana tara ƙura, yana ɗiga a tsakar gida.

Lokaci ma na da nasa hukunci. Ƙarfen da aka kankare da damina, in ya kwana ba fenti, da safe za ka tarar ya yi ja-ja. Da hunturu kuwa ƙura ce ke sauka kan ɗanyen fenti. Filar da aka sa a ƙarshe, a duk motar, ba ta cika gwangwani ɗaya ba.

Akwai wurin da muka yi gardama. Dogon akwatin da ke ƙarƙashin ƙofofin hagu ya ruɓe kusa da inda ake kafa jak. Na so a yi masa faci ƙarami, kuɗi sun fara ƙarewa. Ya ƙi. Wannan akwatin, da wuraren da shoka ke ɗaure, da inda bel ɗin kujera ke kamawa, su ne ƙashin bayan motar. A Ingila, wajen gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, tsatsar da ta raunana ƙarfe cikin santimita 30 daga irin waɗannan wurare tana kayar da mota, kuma ba a karɓar fila a matsayin gyara. Mu ba mai duba mana, sai ranar da aka yi karo motar ta naɗe kamar tabarma. Kafin ya yanka sai da ya walda sandunan ƙarfe a bakin ƙofofin, don kada jikin ya sauka ƙofa ta ƙi rufuwa har abada. Ya huda tsofaffin ɗigon waldar masana'anta ɗaya bayan ɗaya, ya zare ruɓaɓɓen, ya gyara na ciki kafin ya rufe da na waje.

Sassan jiki su ne suka fara wuya. Da, in ka shiga kasuwar Panteka ko wajen masu tsofaffin kaya, ƙofar 504 da madigadinta a jibge suke. Yanzu manyan motoci na kwashe tsohon ƙarfe zuwa masana'antun narkarwa, kuma sikeli bai san bambancin lafiyayyar ƙofa da ruɓaɓɓiya ba. Jikunan da busasshiyar iskar Arewa ta adana shekara 40, waɗanda mai sha'awa a Faransa zai yi murna da su, ana sara su da gatari a mayar da su rodin gini. Ƙofar baya ta dama ba ta gyaruwa, mun yi wata biyu muna cigiya, har wani direban tasha ya ba mu labarin wata da ke jingine a wani gida a hanyar Zariya, an mayar da ita ƙyauren akurkin awaki. Mai gidan ya ce sai dai mu kawo masa wani ƙyauren. Muka kai masa na kwano, sabo.

Mako guda na ba wancan na farko. Wannan aikin ya shiga wata na biyar, kuɗin kuma ya ninka abin da na yi niyya har na daina faɗa wa mutanen gida. Ranar da na je na ƙarshe motar na tsaye a kan duwatsu, toka-toka da fentin share fage, ba gilashi, ba kujera. Baba ya miƙo mini mayen ƙarfen nan a cikin tsummansa. Na fara daga rufi na gangara har gindin ƙofar direba, na sake shi, ya tsaya. Na zagaya na gwada ƙofar awakin, ita ma ta riƙe.

"Saura launi," in ji shi. "Amma ka bari ƙurar nan ta kwanta tukuna."